Wa Ke Biyan Kuran? Sharhi a Kan "Sadakar Kwamfuta"

A zamanmu na ƙarshe kafin hutu, bayan an sauke shayi na biyu, wani ɗan uwanmu mai karatun kwamfuta ya tashi ya karanta mana shafi biyu da ya rubuta. Kira yake yi ga duk mai kwamfuta a cikinmu, ta tebur ko ta hannu, da ya saka mata wata ƴar manhaja da za ta riƙa yi wa masu binciken kimiyya lissafi a lokacin da mai ita yake barci ko ya tafi aji. Ya ce sadaka ce mai gudana. Ya ce, ya kuma maimaita har sau uku, "ba ka rasa komai." Aka tafa mishi. Ni ban tafa ba, har ya tambaye ni ko shayin ne bai yi mini ba. Na ce a'a, shayi ya yi, amsata ce ke da tsawo, zan rubuto. To ga ta.

Ni ba baƙon abin ba ne. Na yi shi bara, mako 7 cur, kuma na ji daɗinsa sosai kafin ya ɓata tsakanina da yayata. Zan zo ga wannan. Amma bari in fara ba abokina haƙƙinsa, domin abin da yake tallatawa ba shirme ba ne.

Ga wanda bai halarci zaman ba, dabarar mai sauƙi ce. Akwai lissafin kimiyya da ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, amma ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a yi ta ita kaɗai ba tare da jiran ƴar uwarta ba. Kamar mai buhunan gyaɗa ne da ya raba wa matan unguwa tiya-tiya, kowacce ta tafi gidanta ta ɓare ta dawo da ita. Babbar na'urar masu binciken ita ke rabon. Taka kwamfutar ta karɓi nata kaso ta intanet, ta yi aikin, ta mayar kafin wa'adin da aka ɗiba mata. Da yake ba su san ka ba, ba su kuma san lafiyar na'urarka ba, sau da yawa sukan aika gunduwa ɗaya ga mutum biyu ko fiye, su gwada amsoshin. In sun dace, a karɓa, a rubuta maka maki. Ba kowane lissafi ke yarda da wannan rabo ba. Wanda sassansa ke bukatar magana da juna kowane daƙiƙa, wannan sai an haɗa na'urorin a ɗaki ɗaya.

Tun 1996 George Woltman ya buɗe GIMPS, masu farautar manyan lambobin nan da ba su rabuwa sai da 1 da kansu. Amma wanda ya kai abin ga kunnen duniya shi ne SETI@home, da Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley ta buɗe a watan Mayu na 1999. Akwai wani ƙaton faifan sauraron sama a Arecibo, tsibirin Puerto Rico, faɗinsa mita 305. Abin da ya kwaso a kan naɗe shi a kaset, a aika Berkeley, a yanka, a raba wa jama'a su duba ko a ciki akwai wata sigina da za a ce wasu halittu masu hankali ne suka aiko daga wata duniya. Mutane fiye da miliyan 5 suka shiga. Daga cikin wannan aiki ne David Anderson ya fitar da BOINC a 2002, manhajar da ta zama kamar tasha: kowane mai bincike zai iya kawo motarsa ya yi lodi. Folding@home kuma, na Vijay Pande a Stanford, ya fara a 2000, yana bin yadda furotin ke naɗe kansa a cikin jiki, domin in naɗin ya karkace ne ake samun cututtuka irin su Alzheimer.

An kuma ga amfani, ba labari ba. A 2010 kwamfutocin wasu ma'aurata a jihar Iowa ta Amurka da ta wani mutum a Mainz ta Jamus, masu yi wa Einstein@Home aiki, suka gano wata tauraruwa mai juyi da ba a san da ita ba, aka buga sakamakon a mujallar Science. A farkon annobar korona, watannin Maris da Afrilu na 2020, jama'a suka yi tururuwa zuwa Folding@home har ƙarfin lissafinsa a haɗe ya wuce na kowace babbar kwamfuta da ke duniya a lokacin. David Baker, mai Rosetta@home da aka buɗe a 2005, yana cikin mutum uku da suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2024. Duk wannan gaskiya ne, kuma abokina bai ma kawo rabinsa ba.

Rigimata da shi a kan kalmomi uku ce: "zaman banza," da "sadaka," da wannan "mu ma mun zama masu bincike" da ya rufe da ita.

Mu ɗauki ta farko. Duk ginin yana tsaye ne a kan cewa kwamfutarka tana zaune ba ta komai, don haka lokacinta kamar ruwan da ke zuba daga famfon da aka manta ne, gara a tara. A 1999 wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Na'urorin wancan zamani, bambancin wutar da suke ci tsakanin aiki da zama bai kai na yau ba. In dai a kunne take, tana ci. Amma masu ƙera kwamfuta sun shafe shekaru sama da ashirin suna koya mata barci. Ta yau, da ka ɗauke hannunka, sai ta rage gudu, ta kashe sassan da ba a bukata, cinta ya sauko ƙasa ƙwarai. Ashe abin da ake kira zaman banza ajiya ce. In ka saka mata waccan manhaja, ka tashe ta daga barci ka ɗora mata kaya, wutar da take ci sabuwar wuta ce da ba a da niyyar ci.

Mu yi lissafin da abokina bai yi ba. Kwamfutar tebur mai katin hoto mai ƙarfi, irin wadda waɗannan ayyuka suka fi so, tana iya cin wat 300 in tana cikin aiki. A awa 24, kilowat-awa 7.2 ke nan. A wata, 216. Kowa ya ɗauko faktir ɗin gidansu ya duba nawa ne jimillar abin da gidan gaba ɗaya ke ci a wata, ya gwada. Kwamfutar hannu ba ta kai haka ba, a ce wat 45, wato kusan kilowat-awa 1 a yini, 30 da ɗoriya a wata. Kamar ka ƙara fanka guda ne a gida ka bar ta tana juyi dare da rana, ba mai shan iskar.

A Iowa ko Mainz wannan ƙila kuɗin kofi ne. A cikin sanyin hunturu ma zafin da na'urar ke fitarwa yana ɗumama musu ɗaki, wasu har da gangan suke kunna ta don haka. Mu kuwa a ƙasar da kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da lantarki muke. Kafin Agusta 2023 kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga Najeriya take zuwa, kuma duk mun ga abin da ya faru da aka yanke ta watanni. Wanda ya kwana a Maraɗi ko Damagaram a watan Afrilu ba fanka, ya san wat ɗaya ba abin wasa ba ne. Ban ce don haka an haramta mana kimiyya ba. Na ce kalmar "kyauta" da aka ɗinka a Kaliforniya, in an kawo ta nan sai an sake auna ta.

To ga labarina. Kwamfutar ba tawa ba ce, ta yayata ce, okaziyon da aka sayo mata don rubuta kundin kammala karatunta. Da rana tana hannunta, da dare takan bar mini in yi nawa. Na saka manhajar, na zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan. Ba zan faɗi sunansa ba, domin laifin ba nasu ba ne ko kaɗan. A cikin manhajar akwai wurin da za ka ce kada ta yi amfani da duk ƙarfin na'urar, akwai kuma wurin da ke sa ta dakata in an ɗauke wuta an koma kan batir. An saka waɗannan ne don irina. Ni da hannuna na cire su. Me ya sa? Domin ana ɗauke kuran tsakar dare, aikin ya tsaya, wa'adi ya wuce, makina ya ƙi tafiya. Ni kuwa na riga na ga sunana a jerin ƴan ƙasarmu, na ga ba mu da yawa, na ga in na ɗan matsa zan hau sama. Sai na bar ta tana ci gaba a kan batir har ya ƙare, in wuta ta dawo ya sake cika, tana kan katifa, ɗaki a rufe, watan Afrilu. Ƙaramar fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa, ni ina jin kukan kamar kiɗa.

A mako na bakwai yayata ta lura wurin da ake murza yatsa ya ɗago. Mai gyara ya buɗe, batir ya kumbura kamar fanke. Ya ce Allah ya tsare, bai kama wuta ba. Saura mako uku ta miƙa kundinta.

"Kai, me kake yi da ita da dare?"

"Yaya, taimakon masu bincike nake yi."

"Wane bincike?"

Na buɗe baki, wallahi ban iya ba ta amsar da ta wuce jimla ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "To su masu binciken su aiko da jika 25." Ba ta ƙara ba. Wannan tambaya tata, wane bincike, ta fi kuɗin batirin ci mini rai, kuma zan koma gare ta.

Akwai wata da na cuta wadda har yau ba ta sani ba. Gidan haya muke, kwantar ɗaya, ɗaki shida. In faktir ya zo, ana raba shi ne bisa yawan ampul da fanka da firiji na kowane ɗaki, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Kwamfuta ba ta cikin ƙidaya. Ke nan ƙarin da na jawo an raba shi a kan kowa, har da tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, mai ampul ɗaya, wadda ke kashe shi da an yi sallar isha'i. Kuɗin ba su da yawa, na sani. Amma abokina ya kira abin sadaka, kuma ko a makarantar allo an gaya mana ba a sadaka da kayan wani. A cikinmu nan, mutum nawa ne ke biyan kuran da aljihunsa? Wanda zai saka ta a kwamfutar jami'a, ko ta ofishin da yake staj, ko ta sibar ɗin da yake tsaro, da dukiyar wa yake neman lada? Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce. A 2009 a jihar Arizona wani ma'aikacin kwamfuta na makarantun gwamnati ya rasa aikinsa bayan an gano ya saka SETI@home a dubban na'urorin makarantun. Su kansu masu ayyukan suna gargaɗi a fili: kada ka saka a na'urar da ba taka ba sai da izini. Abokina bai karanta mana wannan layin ba.

Yanzu tambayar Yaya. Wane bincike?

Abin da ya sa SETI@home ya ci kasuwa, a ganina, hoton da yake nunawa a allo ne. In ka bar kwamfutar, sai wasu tsaunuka masu launin ja da shuɗi da kore su fara tashi suna sauka, lambobi na gudu a gefe, kai kana kallo kana jin kamar kai ne a ɗakin sauraron sama. A matsayin zane, gwaninta ce, na yarda. Amma kwamfutar ba ta bukatar wannan hoto don ta yi lissafin, hasali ma yana rage mata gudu. Don kai aka yi shi, don ka ji kana ciki. Haka makin, haka ƙungiyoyin, haka jerin ƙasashe. Makin ba ya sayen komai, amma a kansa an sami masu maguɗi, masu gyara manhaja don ta yi ƙaryar ta gama aiki, har dole masu aikin suka ƙara tsaro. Ni ban yi maguɗi ba, na dai ƙona batirin yayata a kansa, ban san wanne ya fi wauta ba.

Mako 7 na yi, ban koyi komai game da abin da ake lissafawa ba. Ban san tambayar da masu binciken ke yi ba, ban san me zai sa su ce sun yi kuskure ba, ban ga amsar ba. Matar da aka ba tiyar gyaɗa ta ɓare ta fi ni, ita aƙalla ta san gyaɗa, tana ganin mai kyau da ruɓaɓɓiya, tana iya ce wa mai buhun an cuce shi a kasuwa. Ni jakin da ya kai buhun ne, ko ma in ce mai ba da aron jakin. Aron jaki alheri ne, ba na musu. Amma wanda ya ba da aron jaki aka kai littattafai makaranta bai zama malami ba, kuma in aka gaya mishi ya zama, an rufe mishi ƙofar neman zama.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka, a cikin gidan nan nasu aka sami misalin da ya saɓa. Masu amfani da Rosetta@home suna kallon furotin na naɗewa a allonsu, suna ganin inda kwamfutar ke ɓata, suka fara cewa da za a bar mu mu sa hannu, da mun gyara. Daga nan aka yi wasan Foldit a 2008, inda mutum da idonsa da yatsunsa yake lanƙwasa furotin ɗin. A 2011 ƴan wasan suka warware siffar wani furotin na ƙwayar cuta mai kama birai, dangin ta sida, wanda ya gagari masana fiye da shekara goma, cikin kusan mako uku. Haka Galaxy Zoo na 2007, inda mutane ke duba hotunan taurari suna rarrabe su da ido. A irin waɗannan kanka ake nema. A wancan kuwa soket ɗin bangon ɗakinka ake nema. Abokina ya haɗa su duka a kwando ɗaya ya kira su suna ɗaya.

A wurin zaman wani ya ce ai gayya ce ta zamani, kowa ya yi na'am. Kwatancen ya yi mini daɗi a kunne, shi ya sa na daɗe ina juya shi. A gayya kana ganin gonar da idonka. Ka san mai ita, zai ciyar da kai a ranar, kuma in lokaci ya yi za a zagayo taka. To a wannan gayya, ana zagayowa gonarmu?

Na so in ce a'a, don sharhina ya tafi sumul. Amma gaskiya ta hana ni. An zagayo, aƙalla sau biyu da na sani. A 2006 cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel ta ƙasar Suwis ta buɗe malariacontrol.net, ƙarƙashin wani shiri mai suna Africa@home da CERN da Jami'ar Janeba ke ciki. Kwamfutocin jama'a suna kwaikwayon yadda zazzaɓin cizon sauro ke yawo a cikin al'umma: in an raba gidan sauro me zai faru, in an yi allura me zai faru, wanne ya fi ceton rai a kan kuɗi kaɗan. An yi shekara goma ana yi, aka rufe a 2016. Lissafin wannan cibiya yana cikin waɗanda aka duba lokacin da ake auna amfanin allurar RTS,S ga yara. A 2024 an fara allurar rigakafin zazzaɓin a ƙasarmu, daga Gaya. Ke nan akwai zare, ko da siriri ne, tsakanin kwamfutar wani baƙo da ke kuka cikin dare a Turai da cinyar jaririn da ke Dosso. Duk wanda ya taɓa ganin ɗakin yara a asibiti a watan Satumba ba zai raina wannan zare ba.

Na biyu, a 2019 Jami'ar Delft ta Holan ta buɗe Africa Rainfall Project a kan World Community Grid, wanda IBM ta kafa a 2004. Manufarsa kwaikwayon ruwan sama a Afirka kudu da Sahara daki-daki, don a gyara hasashen da manoma ke bukata. A nan ne na fi daɗewa ina tunani. Mu mun san halin ruwanmu: ya sauka a wannan ƙauye, ya tsallake na gaba, kilomita kaɗan tsakani. Duk kwaikwayon da kwamfuta za ta yi, dole a gwada shi da abin da ya sauka a ƙasa, in ba haka ba ba wanda zai san ko daidai ne. Afirka kuwa ita ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. A Yamai muna da AGRHYMET tun 1974, muna da ACMAD, kuma aikinsu yana tsaye ne a kan lambobin da wani ya tashi da safe ya karanta a jikin ma'aunin ruwa, ya rubuta a kaye, ya aika. Baturen Iowa yana da wuta mai arha da na'ura mai ƙarfi, amma ba zai iya gaya wa kowa milimita nawa aka yi daren jiya a Tibiri ko Mirriya ko Madawa ba. Mu za mu iya. Sai ga shi ana kiran mu mu kawo abin da muka fi kowa ƙarancinsa, mu bar wanda ba mai shi sai mu.

Akwai kuma batun zamani, wanda zan wuce da sauri. A ƙarshen Maris 2020 SETI@home ya daina raba aiki. Ba don an sami halittun ba, ba a samu ba. Masu aikin suka ce sun tara abin da ya ishe su, yanzu sai su zauna su nazarce shi. Wato bayan shekara 21 da miliyoyin kwamfutoci, abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su karanta sakamakon. A Disamba na wannan shekarar faifan Arecibo ya rufta. A shekarar dai AlphaFold na kamfanin DeepMind ya nuna yana iya hasashen siffar furotin da daidaiton da ba a taɓa gani ba, a kan na'urorin kamfani, ba na gidajen jama'a ba. GIMPS kuwa, uban tafiyar, lambarsa mafi girma ta Oktoba 2024, mai tsawon alƙaluma miliyan 41 da ɗoriya, Luke Durant ne ya samo ta, tsohon ma'aikacin Nvidia, ta hanyar hayar dubban katunan hoto a manyan rumbunan kwamfuta na ƙasashe da dama, da kuɗinsa. Ba a ɗakin barcin kowa aka same ta ba. Ayyukan sa-kai suna nan, Folding@home da Einstein@Home suna tafiya, kuma ga malamin jami'ar da ba shi da kuɗin hayar babbar kwamfuta, har yanzu mafita ce. Amma tsohuwar kwamfutar hannu a Damagaram, gudummawarta a cikin wannan teku ba ta kai zafin da za ta sha ba.

Wani zai ce, to in kowa ya ce nasa kaɗan ne, ai ba za a yi ba. Haka ne, da haka aka tara miliyan 5. Ban hana wanda ke da pano a rufin gidansu ba, wanda batirinsa ke cika tun kafin azahar, rana tana ta dukan banza. Wannan yana da wuta ta gaske da ke zuba a ƙasa, kuma in akwai mai haƙƙin cewa "ba na rasa komai" a ƙasar nan, to shi ne, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar, a ɗaki mai iska, da na'urarsa ta kansa, an rage mata gudu zuwa rabi. A cikin mu goma sha huɗu da muka zauna ranar, na ƙirga, mutum ɗaya ne haka. Shi kuwa bai ma tafa ba, yana waje yana amsa salula.

Abin da nake nema daga abokina ɗan kaɗan ne. Ya sake rubuta shafukansa biyu, ya cire jimlar da ya maimaita sau uku, ya sa lissafin wat a wurinta. Ya gaya wa mai karatu ya nemi izinin mai kwamfuta da na mai biyan faktir. Ya zaɓi aiki ɗaya, ya karanta shi har ya iya bayyana wa yayata shi da Hausa a cikin minti biyar ba tare da ta ɗaga gira ba. In ya yi haka zan buga mishi da hannuna, in kai fotokopi, in ma biya.

Batirin na biya shi kashi uku, na gama a watan Agusta. Yaya ta miƙa kundinta a kan lokaci, da kwamfutar a jone da bango kamar firiji, tana ajiye aikin bayan kowane sakin layi don tsoron ɗaukewar wuta. Ta canza kalmar sirri, ba ta kuma gaya mini sabuwar ba. Tsohuwar ɗakin ƙarshe kuma na kai mata sukari da ganyen shayi da azumi, ta yi ta sa mini albarka tana tambayar na mene ne, na ce ba komai, Inna.